Ranar da Na Kwaikwayi Kawuna

Ina aji na uku a kolej a Madawa mushenmu, wato malaminmu na Faransanci, ya kawo mana wani tsohon wasan barkwanci, labarin dattijo mai son a yabe shi. Muka yi ta karantawa, ko murmushi babu wanda ya yi. Mushen Ingilishi yana wucewa ta bakin taga, ya tsaya ya ce tun zamanin da, Turawan Ingila sun kwashi irin waɗannan wasanni daga Faransa, suka sake sunaye, suka ɗora wa mutanen ciki halin maƙwabtansu, sannan ƴan kallonsu suka yi dariya.

"Ku ma ku yi haka," in ji shi.

Ni aka ba dattijon. Dattijon da na fi sani kuwa shi ne kawuna na Dewule, wan mahaifiyata, wanda ya tsaya har aka sa ni lakwal, makarantar boko. Na ɗauki tafiyarsa, da karkata hularsa, da gyaran murya sau biyu kafin magana. Ƴan aji har da faɗuwa don dariya.

Ranar wasa da hantsi na leƙa ta bayan zanen da muka rataya, sai ga kawu a benci na biyu. Ashe ya kawo raguna kasuwa, wani ya ce masa ɗan ƙanwarsa zai yi wasa. Na ce wa mushen Faransanci cikina na ciwo.

"Ya bari sai an gama," ya ce, ya tura ni.

Na fita fili. Na yi niyyar sauya salon tafiyar, amma jikina ya riga ya saba. Na gyara murya sau biyu, fili ya kece da dariya. Kawu bai yi ba. Hannunsa na bisa sandarsa, idonsa a kaina, har aka tashi.

Na same shi a bakin ƙofa na durƙusa.

"Ka ci abinci?" ya ce.

"Na ci, Kawu."

"To. Uwarka na gaishe ka."

Ya tafi wajen ragunansa. Hutun nan duka na yi shi a Dewule ina jiran ya kira ni zaure ya yi mini faɗa. Bai kira ba. Da damina ta kankama ya ba ni hauya, muka yi noman gonarsa ta fadama tare, ni ina layin bayansa.