Injin da Ya Raina Nauyina

Shekarar da aka tura ni koyar da darasin noma a wata sakandare kusa da Bungudu, na tarar da injin yankan ciyawa a sito, irin wanda ake hawa kamar ƙaramar tarakta. Damina biyu ba a tayar da shi ba. Tayoyinsa sun sace, kaza har ta yi ƙwai a kan kujerarsa. Filin ƙwallo kuwa ciyawa ta kai gwiwa, an daina wasa a ciki don tsoron macizai.

Na roƙi shugaban makaranta ya bar ni in gwada. Ya ce, "Malam, in ka tayar da shi, kai ne direbansa."

A lokacin, in ban da babur ɗina, ban taɓa kwance wani inji ba. Na zubar da tsohon fetur da ya koma wari kamar fenti, na canja baƙin mai, na goge fulogi. Cikin salansa, wato bututun hayaƙi, zanzaro ya yi gini, na ƙwaƙule ƙasar da waya. Batir kuma na ɗaure a bayan babur na kai Gusau aka yi masa caji. Ranar da na murɗa makulli ya yi tari ya kama, sai da na yi kabbara. Amma ban yi tafiyar da ta kai tsawon aji ba ya mutu. Na sake tayarwa, ya sake mutuwa. Mako guda muna haka.

Daga baya na je Tudun Wada a Gusau na ɗauko wani bakanike mai gyaran janareta, dattijo mai jiki, wanda babur ɗina ya sha wuya kafin ya kawo mu. Ya wanke kafireta, ya duba bel, ya hau. Sau biyu ya zagaye fili, ciyawa na feshi ta gefe.

Ya ce, "Malam, wanga inji lafiyatai lau."

Na hau. Taya na taka wani ɗan tudu, inji ya yi shiru. Ya karɓa, ya tafi sumul. Na karɓa, ya mutu. Kunya ta kama ni, har na fara zargin ko hannuna ne ba shi da sa'a. A karo na uku dattijon ya tsaya yana kallona daga sama har ƙasa, sai ya fashe da dariya.

"Sauko, na gane mi ad damuwatai."

Ya ɗaga kujera ya nuna mini wani ɗan maɓalli a ƙarƙashinta. Ya ce nauyin direba ne ke danne shi. Da mutum ya tashi, sai ya kashe inji. Tsatsa ta sa ya yi tauri, ni kuma ba ni da nauyi, ko yaya na girgiza sai ya saki.

Na ce, "Baba, to mu haɗe wayar maɓallin mu huta mana."

Nan take dariyar ta ɗauke. "A'a. Ranar da ka faɗo, wuƙaƙen ga ba su tsayawa. Ban yin wanga aiki."

Ya goge maɓallin, ya ɗiga masa mai, ya yanko guntun tsohon tif na taya ya liƙa a ƙasan kujera. Na hau. Ban sauka ba sai da na aske rabin filin.

Washegari wani dattijo makiyayi da ke zaune bayan makaranta ya yi sallama. A shekarun nan shanunsa ba sa iya nisa cikin daji saboda rashin tsaro. Ya tambaya ko za a bar masa ciyawar da na tara. Shugaba ya amince. Daga nan duk Asabar in na yanke, sai ya zo da amalanke ya kwashe, iyalinsa kuma su aiko mini da ƙwaryar nono.

Kafin damina ta ƙare ɗalibai sun koma buga ƙwallo. Na saba da kukan injin har nakan gane wuƙa ta dakushe tun kafin in leƙa. Da kaka wani abokina malami a Tsafe ya kira ni, ya ce injin makarantarsu ma ya ƙi yanka. Na ɗauki sifanu na tafi. Ɓeraye ne suka cinye bel. Muka sa sabo, na nuna wa mai kula da filinsu yadda ake ɗaure shi.