Mai Karanta wa Ummu Jabir

Naja'atu 'yar Damagaram ce. Umara ta kawo ta Madina bayan rasuwar mijinta, sai ta zauna neman abin da za ta riƙe 'ya'yanta biyu da ta bari a gida, har takardunta suka mutu a hannunta. Daga nan duniyarta ta koma hawa na uku na wani gida a unguwar Aziziyya, inda take jinyar wata tsohuwa Bafalasɗiniya da ake kira Ummu Jabir. Ko shara za ta zubar, sai ta fara leƙa titi ta taga, gudun masu duba iƙama, wato takardar izinin zama. Ga Masallacin Annabi a gari ɗaya da ita, amma sai ta shekara ba ta taka harabarsa ba.

Ciwon suga ya cinye wa tsohuwar ido. 'Yarta Sundus, malama a makarantar 'yan mata, ita ta ɗauki Naja'atu aiki. Ɗanta Jabir kuwa tun yana ɗalibi a Nablus aka kulle shi a kurkukun Isra'ila, kuma a can ciki ya zama marubuci. Fursunonin da aka sako su ke fitowa da rubutunsa, wani a ka, wani a ɗinke cikin riga, har aka buga masa littattafai biyu na gajerun labarai. Uwar sai dai ta shafa bangonsu.

Wata rana ta ji Naja'atu tana karanta rubutun jikin kwalin magani.

"Ashe kina karatu, binti?" Haka take kiranta, wato 'yata.

"Na Islamiyya ne, Hajja. In babu wasali sai in yi ta tuntuɓe."

"To zo ki yi mini tuntuɓen."

Haka suka fara karatun littattafan Jabir, kullum bayan la'asar. Tsohuwar takan katse ta. "Wannan ai maƙwabcinmu ne mai gidan burodi, suna kawai ya canza masa." Ko ta ce, "Sharri yake mini, ban taɓa dukansa da ludayi ba." Akwai labarin wani fursuna da aka sako, ya koma gida, amma yakan tsaya a bakin ƙofar ɗakinsa yana jiran wani ya buɗe masa. Da Naja'atu ta kai nan sai ta rufe littafin. Ta ce tana jin ƙauri a kicin, ta tashi.

Ana nan aka sako Jabir a wata musayar fursunoni, amma ba a bar shi ya koma garinsu ba, Masar aka kai shi. Da ya kira ta bidiyo, Naja'atu ce ta riƙe wayar. Ta ga mutum a rame, haƙoransa na gaba sun zube.

"Yaya kika gan shi?" in ji uwar.

"Ya yi furfura, Hajja. Goshinki ne da shi sak."

Shi ba shi da fasfon da zai zo, ita kuma likita ya hana ta hawa jirgi.

Bayan ƙaramar salla aka yi shelar cewa masu matattun takardu za su iya fita ƙasar ba tare da hukunci ba. Yayanta Abdou ya bugo daga Damagaram ya ce Zulaiha, autarta, ta daina tambayar yaushe za ta dawo. Naja'atu ta yi kwanaki ba ta gaya wa kowa ba, amma tsohuwar ta gane daga yadda take karatu.

"Ki tafi, binti," ta ce. "Zafin da uwa ke ji na san shi. Wanda ɗa ke ji ne ban sani ba, sai da kika karanta mini."

Sundus ta raka ta ofishin da ake ɗaukar hoton yatsu. Aka ce sunanta bai fito a na'ura ba, su dawo mako mai zuwa. Da suka koma aka sake faɗa musu haka. Jakarta tana nan a ɗaure bayan ƙofa, da dabinon Khaibar na tsaraba a ciki. Ranar Lahadi za su sake gwadawa.