A Gidan Kaka Babu Ɗan Gudun Hijira

Duk sanda ƙamshin waakye ya buge ni da safe, shinkafa da wake suna tafasa da jan ganyen dawa, sai na ga tsakar gidan Kakata a Zongon Kumasi. Sana'arta ke nan, kuma a bakin wannan tukunyar na fara ganin matar da aka ce mu riƙa kira Goggo.

Da damina Goggo ta zo, ina 'yar shekara tara. Yaƙi ne ya koro ta daga ƙasarsu. Wani direba ya sauke ta a tashar Race Course da zane ɗaya a jikinta, liman kuma ya turo ta gidanmu. Kaka ba ta tambaye ta komai ba. Ta ba ta ruwan wanka, ta ba ta tabarma, ta ce mana ga 'yar ƙanwarta ta zo. Ka san al'adar Zongo, baƙo ba ya kwana uku bai sami dangi ba.

Daga baya muka ji cewa a wajen gudu, a kan iyaka, hannun 'yarta mai shekara huɗu ya suɓuce daga nata. Kowace Juma'a sai ta je tasha tana leƙa motocin da suka zo daga arewa.

Wata rana ma'aikatan agaji biyu suka shigo da takardu, suna rubuta sunayen waɗanda yaƙi ya koro. Mu duka mun ɗauka rabon masara da man girki ne kawai. Kaka kuwa mace ce mai ji da kanta, ko gishiri ba ta ara a maƙwabta. Ta miƙe da ludayi a hannu.

"Refuji? Gidana babu ɗan gudun hijira koraa, ko ɗaya. Wannan 'yata ce. Ni da ke ciyar da rabin unguwa, ita ce za ta gagare ni?"

Ɗayansu ya fara bayani da Turanci haɗe da yaren Twi, Kaka ta nuna masa ƙofa. Goggo tana tsugune tana wanke kwanuka, kunya ta hana ta ƙaryata wadda ta rufa mata asiri. Ni kuwa ranar kamar in taka rawa don alfahari da Kakata.

Sai bayan shekara shida wani mai fataucin shanu ɗan garinsu ya gane ta a kasuwa. Shi ya gaya mata cewa 'yarta ta yi shekara biyu a sansanin 'yan gudun hijira. Masu agaji sun bi sunayen da aka rubuto daga garuruwa, har da Kumasi, ba su ga na uwarta ba. Suka sa ta cikin marayu, wasu mutane suka tafi da ita ƙasar waje. Wace ƙasa? Bai sani ba.

Goggo ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta dawo gida ta ƙarasa tsince waken gobe. Kaka ce ta zube. Ta ja ta ofis-ofis har Accra, aka ce an rufe wancan aikin tuni, takardun ma ba a san inda suke ba. Daga nan Kaka ta daina ɗaga murya a gidan. A ciwonta na ƙarshe kullum sai ta kama hannun Goggo ta ce, "Ki yafe mini." Goggo ta ce, "Mma, ai alheri kika yi nufi." Da Kaka ta rasu, Goggo ce ta yi mata wanka. Amma ba ta sake zuwa tasha ba.

Yau ma motoci suna sauke irinsu, daga wasu ƙasashen da wuta ta kama. Ina cikin masu bi gida-gida muna roƙon masu masauki su bari a rubuta baƙinsu. Wasu suna yarda, da yawa suna ganin cin fuska ne. Gaskiya na gaji, kuma ban ga alamar ƙarshen abin ba.

Bara muka binne Goggo a maƙabartar Tafo. Abin da ke ci mini rai shi ne, a wani wuri akwai macen da aka gaya wa tun tana ƙarama cewa uwarta ta mutu. Wataƙila shekara da shekaru tana roƙa mata gafara, alhali uwar tana nan tsakar gidanmu tana hura wuta. Sai yanzu addu'ar tata ta zo daidai.