Gem ɗin da na sa aka sayo wa Baba

A shekarar da sojoji suka karɓi mulki a Yamai, mu a Matameye ba mulkin ne ya dame mu ba, gero ne. Daminar da ta gabata ta ɗauke tun hatsi bai fitar da kai ba, gonar Baba ta hanyar Yauri ko karan kirki ba ta ba mu ba. Aka sayar da shanun nomansa, awaki suka bi bayansu. Mutumin da tun ina yarinya ban taɓa ganin hannunsa a sake ba, in ba tufkar igiya ba to gyaran ƙotar hauya, sai ga shi zaune a zaure tun safe yana kallon hanya.

Ni a lokacin ina koyarwa a lakwal, ina zaune gidanmu tun rasuwar mijina. Yayana yana cirani a Legas, shi ya aiko mini da salula don mu riƙa jin juna. Kullum na dawo daga aiki sai Baba ya ce, "Ajiye mini abar nan, ko ɗan'uwanki zai kira." In ajiye. Kafin la'asar caji ya mutu murus. Ga kuran ɗin garin, wato wutar lantarki, in aka ɗauke sai an ga dama a maido. Na zagi batirin, na zagi wanda ya ƙera shi, na tsare ƴaƴan yayana da tsumagiya su faɗa mini mai taɓa mini waya. Suka yi ta rantsuwa suna kuka, ni ko ban yarda ba.

Ran nan na ɗauko wa Baba kunu ban yi sallama ba. Na tarar ya ba ƙofa baya, ya duƙar da kai, babban yatsansa sai aiki yake. Wasan macijin nan ne na cikin waya, kuma macijin ya yi tsawo har ya kusa cike gilashin. Baba yana murmushi. Rabona da ganin haƙoransa tun ranar da aka ja shanun. Na koma da baya a hankali, na yi gyaran murya, na yi sallama. Da na shigo ya riga ya kara wayar a kunne. Ya ce, "Yaron nan shiru, bai kira ba."

Da ina da hankali da nan maganar ta tsaya. Dattijo riƙe da waya, kowa ya gani ya san jiran kira yake, ba mai leƙa abin da yatsansa ke yi. Amma ni uwar iyawa sai na fara tunani. Na taɓa ƙwace wani ɗan gem na hannu a aji, wurin ɗan wani Alhaji mai kasuwanci a Damagaram, na ga yadda yake. Gilashinsa ya fi na waya faɗi, ga idon Baba ya fara rauni. Da pil yake aiki, irin batirin rediyo, ba ruwansa da kuran. Wasanninsa kuma da yawa, ba maciji kaɗai ba. Na juya ta nan na juya ta can, ko'ina ni nake cin gardamar, don ni kaɗai nake yin ta.

Na kira yayana na kwashe komai na faɗa masa. Ya yi dariya har da tari, sannan ya ce, "Ke, mutane na layin hatsi mai rahusa, ke kina zancen gem? Tunda yana jin daɗin na wayar, ki bar masa mana." Na hau shi da faɗa. Na ce shi yana can bai san wahalar caji ba, bai ga yadda tsoho ke matse ido ba, wane irin ɗa ne da zai yi wa ubansa rowa. Duk gaskiya ce, amma akwai wadda ban faɗa ba: wayata nake so ta dawo hannuna. Ya ce, "To, na ji, zan taho da shi." Wallahi ko a raina bai zo ba in ce masa ya ba Baba a ɓoye.

Ya dawo gab da faɗuwar ruwa, kamar sauran ƴan cirani. A gidanmu wanda ya dawo a zaure yake kwance jakarsa, gaban Baba da maƙwabtan da suka zo sannu da zuwa, ya ɗaga kowace tsaraba ya faɗi mai ita, a sa albarka. Ranar zauren ya cika, har da Malam na masallacinmu da abokan Baba na tun ƙuruciya. Ina bayan ƙofa ina ji. Atamfa ta matarsa, takalma na yara, sabulu na gida. Sai ya ɗaga ɗan kwalin ya ce, "Wannan kuma na Baba ne. Ƙanwata ta ce ka fi ƙarfin macijin waya."

Wayyo Allah. Wani abokin Baba ya ce, "Au, ashe kiran da ake jira ke nan!" Zaure ya ɗauki dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, mutane ne da suka daɗe ba su sami abin dariya ba. Baba ma ya yi tasa kaɗan. Ya karɓi kwalin da hannu biyu, ya juya shi, ya ce, "Allah ya yi albarka." Sannan ya kira babban jikansa ya miƙa masa. "Ungo, ku je ku yi wasa. Kayan yara ne." Bai ko buɗe ba.

Washegari na kai masa wayar da cikakken caji, na ajiye gefen tabarmarsa. Da yamma na same ta inda na bar ta, cajinta bai ragu ba. Na sake, na sake. Bai taɓa yi mini faɗa ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Da ya zage ni da na sami sauƙi. Ruwa ya makara a shekarar, Baba ya ci gaba da zama a zaure, ni ina wucewa ta gabansa safe da yamma kaina a ƙasa.

Wata rana da hantsi yana tare da abokansa, jikan nan ya zauna gabansa da gem ɗin, wani wuri ya gagare shi wucewa. Ina tsakar gida ina hango su. Baba ya ɗan leƙa ta saman kan yaron, na ga ya gane inda kuskuren yake. Yaron ya juyo ya miƙa masa, ya ce, "Kaka, taimaka mini." Baba ya dubi mutanen da ke zaune, ya maida hannayensa cikin riga.

Ya ce, "Ina ni ina wannan? Kai wa gwaggonka, ita ta san amfaninsa."

Yaron ya rugo ya ɗora mini shi a hannu yana jira. Ni kuwa ko inda ake kunna shi ban sani ba.