Ƙwayar da Goggo Ta Murƙushe

Har gobe idan na ji ana murƙushe ƙwayar magani da bayan cokali sai gabana ya faɗi. Ɗan ƙara ne kawai, ƙurus, amma yakan mayar da ni gidanmu na Yola Gari, shekarar da 'yan gudun hijira suka cika mana ɗakuna.

Ƙarshen damina ne, ciyawa ta fara yin ja, 'yan'uwanmu na arewacin jiha suka riƙa isowa da ƙullin kaya a ka. Ina 'yar shekara goma sha ɗaya. Cikin na ƙarshe akwai Bappa, yayan babanmu, wanda ya kwana huɗu yana tafiya a ƙasa. Ya iso ƙafafu a kumbure, ga hawan jini. A wani asibiti a Jimeta aka rubuta masa ƙwaya ɗaya kullum da safe, 'yar zagayayya mai tauri kamar maɓallin riga.

Goggo, babbar yayarsu, ita ta karɓi jinyarsa, kuma ba wanda ya isa ya yi musu. A unguwarmu ita ce mai sassaƙe da jiƙo. Duk abin da ya shigo hannunta sai ta shanya, ta daka, ta tankaɗe, domin a wajenta magani ba ya shiga jini sai ya zama gari. Bakinta kaifi gare shi, amma ta fi kowa tausayi.

Da yake Bappa ba ya iya kaiwa banɗaki, a fo yake yi, ni nake fitarwa. Wata safiya na hango ƙwayar nan a ciki, cif yadda ya haɗiye ta. Da gudu na je na gaya wa Goggo, ina jin kaina mai wayo. Kwana uku muna dubawa, kullum tana nan.

“Ka ga aikin banza,” in ji ta, da irin Hausarta da ba ruwanta da mace ko namiji. “Magani ya shiga, ya fita, bai gaisa da kowa ba. Kawo mini cokali.”

Ni na kawo. Ta sha fama kafin ƙwayar da zai sha da safen nan ta fashe, ta kaɗa garin a kunun gyaɗa, Bappa ya shanye ya sa mata albarka. Da hantsi muka ji faɗuwarsa a bakin ƙofar ɗaki, fuska jawur, gumi sharkaf. A keke napep aka kai shi asibiti. Ma'aikaciyar jinya ta tambaya ko yana shan maganinsa, Goggo ta ce ko fashi ba ya yi. Ba wanda ya tambaya yadda yake sha.

Bayan mako biyu ya dawo, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, harshe ya yi nauyi. Kowa ya ce tunanin gida ne da abin da ya gani a hanya. Da hanya ta buɗe 'yan'uwa suka koma garinsu, shi bai iya ba. A ɗakinmu ya rasu, damina biyu bayan haka.

Sai da na shiga karatun harhaɗa magunguna na gane. Malaminmu ya ɗaga irin ƙwayar nan, ya ce ɓawonta ba ya narkewa, da gangan aka yi shi haka. Akwai wata 'yar huda a jikinsa da ido bai cika gani ba. Ruwan ciki yakan ratsa ɓawon, ya riƙa turo maganin ta hudar kaɗan-kaɗan tun safe har wata safiyar, sannan ɓawon ya fita fanko. Wanda ya fasa ta kuwa, ya zuba wa jiki maganin kwana guda a lokaci ɗaya, jini ya faɗi warwas. Ban iya ƙarasa darasin ba. Na fita na zauna a kan matakala ina kuka, 'yan ajinmu suna tsammani rasuwa aka yi mini.

Na yi niyyar in bar abin a cikina. Amma da na zo hutu, ina yanke wa Goggo farce, idanunta sun riga sun dushe, sai ta riƙe hannuna.

“Kai da ka yi karatun, useni, don Allah, ka gaya mini gaskiya. Ni ne?”

Ashe duk shekarun nan tana ɗauke da shi. Na so in ce mata ajali ne, kuma ajalin ne. Amma ba ta taɓa yi mini ƙarya ba.

“Mu ne, Goggo. Ni na gani, ke kika murƙushe. Ba wanda ya gaya mana.”

Sai ta ce, “To ka riƙa gaya wa mutane.”

Yanzu a wani kantin magani nake aiki kusa da unguwar Shagari Low Cost. Magunguna sun ƙara wayo, akwai na liƙawa a fata, akwai na sawa ƙarƙashin harshe, amma masu ba da su a gida har yanzu irin Goggo ne, masu son nasu ya warke. Duk wanda na miƙa wa irin ƙwayar nan sai na tsayar da shi, ko layi ya kai titi. Nakan ce, “Baba, za ka gan ta a bayan gida, ɓawo ne, ta gama aikinta. Kada a fasa.” Wasu su yi dariya, wasu su ce ba ni da kunya. Ba ni da ita ɗin.