Notin da ya ƙi kwancewa

Ina tsugune gaban injin rotarin tsohuwar motata a unguwarmu ta Nakkasa, babban notin baya ya kafe, tsatsa ta riƙe shi gam. Sai ga babban ɗana Mansur.

Ya ce, "Yallah Baba, ya isa haka. A kira masu tashlih, masu sayen matattun motoci, su ɗauke ta su farfasa."

Na ce, "Motar da ta kai uwarka asibiti ranar haihuwarka? Tun ba ka da gemu notin nan yake zaune, ba da tsawa zai tashi ba."

Kullum bayan La'asar nakan ɗiga masa man birki, in ƙwanƙwasa a hankali, in tafi. Har yau bai motsa ba. To, ni ma ban motsa ba.

Ku da kuka san ƙarfe, me zan ƙara masa? Shawarar rabuwa da motar dai na ƙoshi a gida.