Baba Ilisha, Mai Sauraren Giya

Da hantsi, idan rana ta fara ɗumama rumfar kwanon da ke bakin hanyar Makarfi a Ikara, za ka tarar da Baba Ilisha zaune a kan tsohuwar taya, ya lumshe ido kamar mai gyangyaɗi. Ba barci yake ba, babura yake saurare. Shekara talatin da huɗu yana wannan zama, har ya kai tun mashin bai ɓullo ba zai ce, "Na Gambo ne, kuma lokacin juyen mansa ya wuce." A kunnensa kowane inji da muryarsa. Wani waƙa yake, wani tari, wani gunaguni irin na tsohon da aka hana goro.

Bakanike ne, amma a kan baƙin mai ya yi suna. Yakan ɗiga shi a yatsa, ya murza, ya ɗaga wa rana, ya sunsuna, sai ka ce turare zai saya. Mu masu tsokanarsa mukan ce saura ya lasa. Sai ya yi murmushi ya ce giya da kuloci a cikin man nan suke wanka, dole ya duba musu ruwan.

Malama Bernice, mai kai allurar rigakafi ƙauyukan Likoro, shaida ce. Wata damina mashin ɗinta ya riƙa ihu a kan tudu ba ya gaba, wasu suka ce sai an sauke inji, aikin kwana uku. Baba ya murza man sau ɗaya.

"Malama, wa ya zuba miki man mota?"

"Ƙanena, Baba. Ya ce ya fi tsada, ya fi kyau."

"Ya fi sulɓi dai. Kuloci kuwa kamu yake so."

Ya tsiyaye shi tas, ya zuba na babur. Kafin azahar tana Likoro da akwatin allurarta.

Sai bana muryoyin suka fara nisa. Da fari ya ɗauka injinan zamani ne ba su da magana. Daga baya ya lura har ƙararrawar coci ta koma kamar daga wani gari ake kaɗa ta. Ya ji tsoro ƙwarai, bai kuma faɗa wa kowa ba, don rabin sunansa a kunnen nan yake.

Wata ranar kasuwa Safiyanu, ɗan acaɓa daga Nasarawan Doya, ya tsaya rumfar cike da jama'a.

"Baba, giya ta biyu na min ƙara. Ji nan."

Ya zagaya ya dawo. Baba ya ga hayaƙi, ya ga bakin Safiyanu na motsi, amma abin da ya iso masa bai wuce shuu ɗin ruwan sama mai nisa ba. Kowa ya zuba masa ido. Da ya cinka kawai, babu mai musa masa. Amma sai ya ce:

"Ɗana, ban ji ba. Kunnen ya tafi."

Sannan ya cire takalmi, ya hau mashin ɗin a kafe, ya ɗora tafin ƙafarsa tsirara a kan giya, ya rufe ido. Ta ɗaya. Ta biyu. Abin da kunne ya hana shi ya hau ta ƙashinsa.

"Jabun mai aka zuba maka. Ya tsinke kamar ruwa."

Aka kwance, haka ne. Rumfa ta kaure da shewa, aka ce ai ƙafar ma ta isa. Baba ya girgiza kai.

"Ƙafa giya kaɗai take ji. Mashin kuma rai yake ɗauka, ba zan yi masa cinke ba. Ƙarshen wata zan rufe."

Kai ne, Baba Ilisha, ka gwammace sunanka ya faɗi a gaban mutane da a ce ɗan wani ya faɗi a kan titi. Sunan kuwa bai faɗi ba. Mun gode, Allah ya saka, ya ba ka hutu mai daɗi.

Ku masu riƙe da sifana a Ikara da Kudan da Makarfi, ku koyi murza mai a wurinsa, ku kuma koyi cewa "ban ji ba". In kun je gaishe shi, ku matso kusa, ku ɗaga murya. Shekara talatin da huɗu yana saurarenmu, kada godiyar ta wuce shi bai ji ba.